An Yi Bincike A Kan Salularmu, To Ina Sakamakon Ya Tsaya?



Yau maganata a kan masu bincike take, wato malaman jami'a da ɗalibansu da ke nazarin yadda salula, Facebook, WhatsApp da TikTok suka sauya yadda mutane ke samun labari da yadda suke magana da junansu. Wani zai ce, yo mu ina ruwanmu da wannan, ga tsadar taki ga kuɗin magani? Da ruwanmu ƙwarai kuwa. An daɗe ana bincike a kanmu, an kuma gano abubuwan da za su amfani manomi da mai kiwo, amma sakamakon yana can kwance cikin Ingilishi da Faransanci, bai dawo gida ba. Sannan inda maganarmu ta fi yawa a yau, wato saƙon murya cikin Hausa, nan ne kayan aikin masu binciken suka fi rauni. In ba mu muka matsa ba, babu wanda zai zo daga nesa ya gyara mana waɗannan abubuwa biyu.

Bari mu fara da abin da aka riga aka gano a nan ƙasarmu. Salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Wata malamar tattalin arziki daga Amurka, mai suna Jenny Aker, ta bi diddigin farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, tana kwatanta kasuwannin da rezo ya iso da waɗanda bai iso ba. Sakamakon ya fito a 2010: inda salula ta shiga, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Raguwar ta fi ƙarfi a kasuwannin da ke nesa da juna da waɗanda hanyarsu ba ta da kwalta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A da sai ɗan kasuwa ya biya kuɗin mota ya kashe yini kafin ya san nawa ake sayar da tiya a wata kasuwa. Da waya ta zo, kira ɗaya ya isa, sai kaya su nufi inda suka fi daraja, farashi ya daidaita.

Wannan labari ya zaga duniya, ana kafa misali da Nijar a manyan taruka. Amma akwai ci gabansa, wanda shi ne ya fi shafar mu manoma. Ita wannan malama da abokin aikinta Marcel Fafchamps sun sake dubawa, wannan karon kuɗin da manomi ke karɓa a hannunsa suka bi. Sai suka tarar a wake tazarar ta ragu da kashi 6 cikin 100, a gero da dawa ba ta motsa ba, kuma matsakaicin kuɗin da ake biyan manomi bai ƙaru ba. Kun ji fa. Waya ta gyara wa ɗan kasuwa lissafinsa fiye da yadda ta gyara wa mai gona. Ni a fahimtata abin a fili yake: sanin farashin Maigatari bai da amfani ga wanda bashi ya shaƙe wa wuya da kaka, ba shi da kuɗin mota, ba shi da wurin ajiya. Dole ya sayar a ƙofar gida a yadda aka taya. Da an dawo mana da wannan sakamako cikin Hausa tun lokacin, da ƙungiyoyin manoma sun san cewa sayen mega kaɗai ba ya fitar da su, sai an haɗa da rumbun ajiya da tara kaya a kai kasuwa tare.

Akwai wani binciken da aka yi a jiharmu ta Damagaram da jihar Doso a 2009 da 2010, cikin ƙauyuka fiye da 100, tare da ƙungiyar CRS. Ajin yaƙi da jahilci aka buɗe wa manya, maza da mata. A wasu ƙauyukan aka koyar da karatu da lissafi kawai, a wasu kuma aka ƙara da koyon aiki da salula: gane haruffa da lambobi a jikinta, da rubuta gajeren saƙo. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koyi salula sun fi samun maki a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe aji bambancin a lissafi bai ɓace ba. Mai waya a hannu kullum cikin bita yake, ko bai sani ba. To don Allah, a cikin iyayenmu mata da suka zauna irin waɗannan azuzuwa, su nawa aka koma aka gaya wa cewa abin da suka yi ya shiga mujallun ilimi na duniya?

Mu tsallaka iyaka, tunda mu da Najeriya kusan cin abinci muke a kwano ɗaya. A 2019 masu bincike na cibiyar CDD ta Abuja da jami'ar Birmingham ta Ingila sun yi nazarin rawar da WhatsApp ya taka a zaɓen shekarar, suka yi aikin a jihohin Kano da Oyo. Sun nuna yadda ƴan siyasa ke kafa gurup bisa gurup tun daga jiha har mazaɓa, da matasan da ake biya su yaɗa yabo da ɓatanci, irin waɗanda Kanawa ke kira sojojin baka. Sun kuma nuna cewa manhajar wuƙa ce mai kaifi biyu: da ita ake yaɗa ƙarya, da ita kuma ake ƙaryatawa da sa ido a kan ƙuri'a. Kowa a nan ya tuna zancen Jibrin ɗan Sudan, da aka ce Buhari ya rasu an kawo mai kama da shi, har sai da shi kansa ya fito a Disamban 2018 ya ce shi ɗin ne dai. Wannan zance bai nemi biza ba kafin ya iso fadojinmu. Abin da aka dafa a Kano da safe, kafin la'asar ana cinsa a Mallawa.

Daga can nesa kuma, binciken da aka fi ambata a duniya kan labarin ƙarya shi ne na jami'ar MIT ta Amurka, wanda ya fito a mujallar Science a 2018. Sun bi labarai kusan 126,000 da mutane kimanin miliyan 3 suka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017. Suka tarar labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu turawa da kashi 70 cikin 100, kuma gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Wani abin lura, sun ce ba na'urori ne suka fifita ƙaryar ba, mutane ne da hannunsu, saboda ƙarya kan zo da sabon abu mai ban mamaki ko ban tsoro. Kakanninmu sun ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa. Masu bincike sun ƙara mana da cewa furen nata ya fi saurin jan ido.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Wancan babban bincike a kan rubutu aka yi shi, rubutun Ingilishi, a dandalin da kowa ke iya gani. Kwamfuta na iya kwashe miliyoyin irin waɗannan rubuce-rubuce ta ƙirga su cikin dare ɗaya. Mu kuwa fa? Mafi yawan maganarmu da baki take. Dattijo ya danna ya yi vokal na minti huɗu, ya tura gurup ɗin ƴan gari. Ɗansa da ke Legas ya tura wa gurup ɗin ƴan ci-rani. Wani ya kunna a fada ana shan shayi mutum goma suna ji, ɗaya daga cikinsu ya kai wa matarsa, ita kuma ta kai bakin rijiya. A shagon caji ana zuba wa'azi, waƙa da fina-finai a katin waya ba tare da an taɓa intanet ba. Duk wannan zirga-zirga babu kwamfutar da ke ganinta daga Amurka. Tun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonni ta yadda daga mai turawa sai mai karɓa ke iya buɗewa. Ko dandalin da ke a buɗe ma ƙofofinsu sai rufewa suke: a 2023 Twitter ya daina ba masu bincike bayanai kyauta, a watan Agustan 2024 kamfanin Meta ya rufe CrowdTangle, manhajar da ƴan jarida da malaman jami'a ke bin diddigin abin da ke yawo a Facebook da ita.

Ana ƙoƙari a ɓangaren Hausa, kada a ce ban faɗa ba. A 2022 wasu masana, cikinsu har da ƴan jami'ar Bayero ta Kano, sun fitar da tarin rubuce-rubucen Twitter na Hausa, Yarbanci, Ibo da Burokan mai suna NaijaSenti, don koya wa kwamfuta gane yabo da suka. A Kano ɗin dai Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana nazarin fina-finai, littattafai da waƙoƙin Hausa na zamani. Aiki ne mai kyau. Sai dai Hausar ɗan bokon Twitter daban, Hausar mai sayar da riɗi a kasuwarmu daban. Tamu cakuɗe take da Faransanci, muna lissafi da jika da dala, rabin cinikin da Naira rabi da Sefa, ga habaici da zaurance waɗanda sai ɗan gari ke ganewa. Wanda zai fahimci wannan sai ya zo ya zauna a tabarma, ya sha shayi, ya saurara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Kada wani ya ɗauka wannan zancen ƴan boko ne kawai. Akwai dukiya, lafiya da ƴancin mutane a ciki.

Dukiya tukuna. A watan Oktoban 2022 babban bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun Naira 200, 500 da 1,000. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sannan a watan Maris kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓarsu. Mu da ke wannan gefen iyaka muna riƙe da Naira amma ba mu da bankin da za mu kai ta, ta ina labari ya riƙa iso mana? Ta vokal, yau a ce an daina karɓa, gobe a ce an dawo. Duk wanda ya yi hulɗa da ƴan canji a wancan lokaci ya san abin da rashin tabbataccen labari ke jawowa. Wa ya fara jin gaskiya, wa ya ji daga baya, wa ya ci riba a tsakani? Wannan tambaya ce da ta isa ɗalibi ya rubuta kundin kammala karatu a kanta, kuma amsarta za ta yi mana amfani ranar da irin haka ta sake faruwa.

Sai lafiya. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu a Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka yi ta tashin ƴan uwansu da kira. An kwantar da mutane da dama a asibiti, wasu suka rasa rayukansu, alhali cutar ba ta ko kusanci garuruwansu ba. Mu nan da muke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa duk damina, saƙo ɗaya da ya tsorata iyaye mata a kan rigakafi ko maganin yara ya isa ya yi ɓarnar da likita zai daɗe bai gyara ba. Ma'aikacin lafiya yana bukatar ya san muryar wa mata suka fi yarda da ita: ta liman, ta ungozoma, ta rediyo, ko ta ɗan da ke ci-rani? Bincike ne ke ba da wannan amsa.

Sai doka. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a watan Yulin 2019. A 2022 aka cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a watan Yunin 2024 aka dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta waya, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan doka, tana nan tana aiki. Mutum nawa ne cikin masu danna tura a gurup-gurup ɗinmu suka taɓa jin bayaninta cikin Hausa? Magana zarar bunu ce, ta waya kuma har da shaida take bari.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce, mu dai mun gaji da masu zuwa da takardu suna tambayar buhu nawa ka noma, su tafi ba a sake ganinsu. Gaskiyarsa. Wani kuma zai ce, a wannan zamani wa zai yarda baƙo ya leƙa wayarsa, in ɗan leƙen asiri ne fa? Shi ma tsoronsa na kan hanya, kuma duk mai binciken da ya raina wannan tsoro bai cancanci a buɗe masa ƙofa ba. Amma maganin ba shi ne a kori bincike ba. Bincike na ƙwarai yana da ƙa'ida: a gaya maka wa ya aiko, wa ya biya kuɗin aikin, me za a yi da maganarka, a nemi yardarka, a ɓoye sunanka da lambarka, kuma kana da ikon cewa a'a. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa a sallame shi da girma da arziki. In muka rufe ƙofa gaba ɗaya, to wasu za su ci gaba da tsara mana shirye-shirye bisa abin da suka gani a Yamai ko a Abuja, mu kuma mu yi ta mamakin me ya sa rigar ba ta zauna mana ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata.

Na farko, ga ƴaƴanmu da ke jami'ar André Salifou ta Damagaram da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Shi marigayi André Salifou da aka sa wa jami'ar sunansa, da tarihin Damagaram ya yi suna, wato da abin gidansu. Ku ma abin binciken yana ƙofar gidanku. Waya ɗaya kunne nawa take ciyarwa a ƙauye? Mata nawa ke da wayar kansu, nawa ke aron ta miji ko ta ɗa, kuma me wannan ke hana su ji? A garuruwan da layin Najeriya ya fi kamawa, labarin wace ƙasa aka fi sani? Farashin dabbobi na kasuwar Maigatari ta hannun wa yake bi kafin ya iso ga mai akuya? Ba sai da miliyoyi ake amsa waɗannan ba. Littafin rubutu, haƙuri da amanar mutane sun isa a fara. A Yamai akwai cibiyar LASDEL, wadda tun 2001 take irin wannan bincike na zama da jama'a, ana iya koyon hanyar aikin daga rubuce-rubucenta.

Na biyu, ga masu gari da hukumomin kwamin. Duk ƙungiya ko jami'ar da ta zo neman izinin yin tambayoyi, a sa mata sharaɗi tun farko: in an gama, a dawo a tara mutane a faɗi abin da aka gano, da Hausa, a bar kofi a ofishin kwamin. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To a fara nuna hakan a nan, inda ba ya cin kuɗi mai yawa.

Na uku, ga gidajen rediyon karkara da shafuka irin wannan. Tun 1999 da aka buɗe rediyon al'umma na farko a Bankilare, rediyo ne jami'ar talaka a ƙasar nan. Tun 2016 Studio Kalangou ke haɗa shirye-shirye cikin harsunan gida, har da Hausa, ana watsawa ta irin waɗannan gidaje. Me zai hana a ware minti biyar a mako, a ɗauko bincike ɗaya, a warware shi da Hausar kasuwa, sannan a yanke shi a tura gurup-gurup a matsayin vokal? Hanyar da jita-jita ke bi, ita ce hanyar da ilimi zai bi in ana so ya iso.

Na huɗu, mu kanmu. Shi kansa WhatsApp ya gane matsalar, shi ya sa tun Janairun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya. Sauran birkin a yatsanmu yake. Kafin ka tura, tambayi kanka: wa ke magana, ya faɗi sunansa da garinsu? Yaushe aka yi, ko tsohon zance ne aka ɗumamo? Akwai wanda zan kira da ke wurin ya tabbatar mini? In saƙo ya sa gabanka ya faɗi, ko ya ce ka tura wa mutum goma yanzu-yanzu, to nan ne ma ya kamata ka dakata, don binciken da muka ambata ya nuna irinsa ne ya fi gudu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu ilimi na nesa sun yi nasu, sun auna mana kasuwa, sun auna mana aji, mun gode. Abin da ya rage shi ne ƴaƴan yankin nan su ɗauki alƙalami su rubuta yadda magana ke tafiya a tsakaninmu, mu kuma mu tsaya kai da fata sai an dawo mana da sakamako. Wanda ya karanta wannan, ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, ko ya mayar da shi murya ya tura. In kana da ɗa ko ƙane a jami'a, ka tura masa ka ce ga aiki daga gida.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare bakunanmu da yatsunmu, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Amin.